Wane aiki ɗan nan yake yi kafin ka ɗaga shi? Fashin baƙin wasan ces na 'yan kulob

Duk wanda ya saba duba wasannin ces na 'yan kulob, wato masu makin ƙwarewa da ke tsakanin 1400 da 1600, ya san cewa rinjaye yakan sauya hannu sau uku ko huɗu kafin a tashi, kuma galibi ba wanda ya lura cikin su biyun. Wanda ya ci yakan tafi gida da tunanin tun farko wasan nasa ne. Wanda aka ci kuma sai ya ɗora laifin a kan takunsa na ƙarshe, alhali ɓarnar ta daɗe da faruwa. Wasan da za mu bi a nan misali ne da aka tsara daga kurakuran da suke yawan dawowa a wannan mataki. Taku 22 ne kacal, amma a cikinsu akwai wurare huɗu da ƙaddarar wasan ta juya, kuma dukkansu tushensu ɗaya: an ɗaga ɗa daga gurbinsa ba tare da an duba aikin da yake yi a nan ba.

Ga yadda ake karanta rubutun. Layukan tsaye na allo suna da haruffa daga a zuwa h, sahu-sahun kwance kuma lamba 1 zuwa 8. K sarki ne, Q sarauniya, R hasumiya, B bishof, N doki, soja kuwa ba a sa masa harafi, gurbin da ya je kawai ake rubutawa. Alamar x tana nufin an ci ɗa, + cek ne, wato an kai wa sarki hari, # kuma mat, wato cek ɗin da sarki ba shi da mafita, wasa ya ƙare. Idan ka ga 0-0, sarki ya yi kasil a gajeren ɓangare, wato ya matsa gurbi biyu zuwa layin g, hasumiya ta tsallako shi zuwa f; ɗigo uku bayan lambar taku, kamar 8...f6, kuwa takun Baƙi ne. Ya fi kyau ka shimfiɗa allo a gabanka kana bin takun da hannu, don karatu kaɗai ba ya zaunar da wannan ilimi.

1.e4 e6 2.d4 d5 3.Nc3 Nf6 4.e5 Nfd7 5.Nf3 c5 6.dxc5 Nc6 7.Bf4 Bxc5 8.Bd3 a6 9.0-0 0-0 10.Bxh7+ Kxh7 11.Ng5+ Kg6 12.Qg4 Ndxe5 13.Bxe5 Nxe5 14.Qg3 Kf6 15.Nh7+ Ke7 16.Qxe5 f6 17.Qg3 Rf7 18.Rad1 Qh8 19.Nxd5+ exd5 20.Qc7+ Bd7 21.Rfe1+ Be3 22.Rxe3#

Buɗewa

Wannan shi ne Tsaron Faransa, wanda ya samo sunansa daga wasan wasiƙa da aka buga tsakanin Landan da Paris a 1834. Takun 4.e5 kuma reshe ne da ake jingina wa Wilhelm Steinitz, zakaran duniya na farko. Har zuwa taku na bakwai ba abin zargi a kan kowa. Abin lura guda ɗaya ne: sojan da Fari ya tura e5 ya kori dokin Baƙi daga f6 zuwa d7. Dokin f6 shi ne babban mai gadin sarkin da ya yi kasil, domin daga nan yana tsaron h7, yana kuma hana sarauniyar abokin gaba sauka a h5 da g4. Tun da ya koma d7, waɗannan gurabe uku sun zama fili.

Da Fari ya taka 8.Bd3, bishof ɗinsa ya miƙe kai tsaye zuwa h7. Takun da masana suka fi bugawa a nan shi ne 8...f6, wanda yake tunkarar sojan e5. Bayan 9.exf6 Nxf6 doki ya dawo bakin aikinsa, sannan a yi kasil hankali kwance. Baƙi ya taka 8...a6. Takun ba shi da illa a kan kansa, yana hana doki shiga b5, amma bai taɓa matsalar da ke ɗaya ɓangaren ba.

Kuskuren farko na gaske shi ne 9...0-0. Kowane malami yana koya wa sabon ɗan wasa ya yi kasil da wuri, kuma shawara ce mai kyau sau tara cikin goma. Wannan ne na goman. Baƙi ya bi ƙa'idar da ya haddace, bai tsaya ya ƙirga masu gadin da suka rage a inda yake kai sarkinsa ba. Da ya taka 9...h6, ko 9...Be7 don bishof ya tsare g5, ko ma 9...f6, da harin da ya biyo baya bai yiwu ba.

Sadaukar da bishof a h7

10.Bxh7+ tsohon makami ne. Gioachino Greco ɗan Italiya ya rubuta shi tun farkon ƙarni na 17, kuma har yau yana cin mutane a kulob kowane mako. Sai dai 'yan kulob sukan buga shi don sun taɓa ganin an yi, ba don sun tabbatar sharuɗɗansa sun cika ba, shi ya sa rabin lokaci suke asarar bishof a banza. Kafin ka ba da bishof ɗinka, ka duba ko dokinka zai iya sauka a g5 ba tare da an cinye shi kyauta ba. A nan bishof ɗin f4 yana bayansa, don haka 11...Qxg5 12.Bxg5 asarar sarauniya ce. Ka duba ko sarauniyarka tana da buɗaɗɗiyar hanya zuwa h5 ko g4 ko d3. Sannan ka tabbatar Baƙi ba shi da ɗan da zai dawo ya tsare h7 cikin taku ɗaya, wato doki zuwa f6 ko bishof zuwa f5. Sojan e5 ya toshe na farko, sojan Baƙi da ke e6 ya toshe na biyu da kansa.

Idan Baƙi ya ƙi ci ya koma 10...Kh8, to Fari ya samu soja kyauta, kuma 11.Ng5 da Qh5 suna tafe. Don haka ya ci, aka yi 11.Ng5+. Yanzu sarki yana da hanyoyi uku masu ma'ana, kuma wajibi ne mai sadaukarwa ya lissafa dukkansu kafin ya taɓa bishof, ba bayan ya riga ya bayar ba.

Komawa 11...Kg8 ita ce wadda aka fi gani, kuma ita ce mafi saurin kisa. 12.Qh5 tana barazanar mat a h7, dole hasumiya ta buɗa wa sarki hanya da 12...Re8. Daga nan komai tilas ne: 13.Qxf7+ Kh8 14.Qh5+ Kg8 15.Qh7+ Kf8 16.Qh8+ Ke7 17.Qxg7#. Lura da dalilin fara cin f7 kafin shiga h7. Da sojan f7 yana nan, cek ɗin ƙarshe daga g7 ba zai isa ga sarki ba. Lura kuma cewa sojan e5 ne ya hana sarki tsira ta d6. A wasan da wannan soja ba ya nan, wannan jerin taku duka ba ya aiki.

Fita 11...Kh6 tana sa sarki a kan layin karkata ɗaya da bishof ɗin f4. Doki ya kauce da 12.Nxe6+, bishof ya ba da cek, dokin kuma yana kan sarauniyar d8. Ba a iya cin dokin domin sai an fara kare sarki, sarauniya ta tafi ke nan.

Ta uku ita ce 11...Kg6, wadda Baƙi ya zaɓa, kuma ya kamata a yaba masa. Fitar da sarki fili yana buƙatar ƙarfin zuciya, amma ita ce hanyar da ke tilasta wa Fari ya yi tunani da kansa maimakon ya karanto abin da ya haddace.

Taku uku da wasan ya sauya hannu sau uku

A nan ne fashin baƙin yake da riba, don haka mu tsaya.

Takun da ya dace shi ne 12.Qd3+. Cek ne, saboda haka Baƙi ba shi da zaɓi mai yawa. Idan ya je 12...Kh6, to 13.Qh7 mat ne. Idan ya je 12...Kh5, sai 13.Qh3+ Kg6 14.Qh7#. Gurbin f6 yana hannun sojan e5, dokin g5 kuma yana da mai tsaro. Saura 12...f5 kaɗai. Sai Fari ya taka 13.Qg3, ya tsaya a bayan dokinsa a kan layin g, yana jiran doki ya kauce ya buɗe cek. In Baƙi ya ci soja da 13...Ndxe5, sai 14.Nxe6+ Ng4 15.Nxd8, sarauniya ta tafi, kuma 16.h3 zai ɗauke dokin g4 da ke ɗaure a gaban sarkinsa, wato ba ya iya motsawa don in ya kauce sarkin zai shiga cek. In ya janye sarauniya da 13...Qe7, sai 14.Nxe6+ Kh7 15.Nxf8+ Qxf8 16.Nxd5. A lissafin da aka saba, inda soja maki 1 ne, doki da bishof 3 kowanne, hasumiya 5, sarauniya 9, Fari ya ba da 6 ya karɓi 8, yana da soja a e5 da babu sojan da zai tare shi, sarkin Baƙi kuma ba shi da rufi.

Fari ya taka 12.Qg4. Manufarsa daidai take, yana son sarauniya a kan layin g. Amma ya isa can ba tare da cek ba, kuma ya ajiye ta a gurbin da doki daga e5 zai iya kai wa hari. Baƙi ya amsa da 12...Ndxe5, taku ɗaya mai aiki uku: ya ci soja, ya kai wa sarauniya hari, ya kuma buɗa wa sarkinsa f6. Buɗaɗɗen cek da Fari ke taƙama da shi ba ya aiki yanzu, domin bayan 13.Nxe6+ sai Baƙi ya cinye mai ba da cek ɗin da 13...Nxg4. Kwatanta da layin sama: a can ma doki ya ci e5, amma sarauniya tana g3 kuma Fari ne ke da taku. A nan sai ya kashe taku guda wajen janye ta. Bambancin taku ɗaya ne, kuma a cikin hari irin wannan taku ɗaya yakan kai darajar ɗa sukutum.

Duk da haka harin bai mutu ba. 13.Qg3 tana riƙe da komai: barazanar Nxe6+ tana nan, dokin e5 kuma yana fuskantar bishof da sarauniya a jere. Amma Fari ya taka 13.Bxe5, kuma wannan ne babban kuskurensa a wasan. Ana iya gane abin da ya ja shi. Doki ya ci masa soja, yana kuma kan sarauniyarsa, hannu sai ya tafi da kansa ya rama. Abin da ya manta shi ne bishof ɗin f4 shi ne ginshiƙin da ya sa aka iya sadaukarwar tun farko. Shi ke tsaron g5. Da ya bar f4, kuma aka cinye shi da 13...Nxe5, dokin g5 ya rage da sarauniya kaɗai a bayansa, alhali sarauniyar Baƙi da sarkinsa duka suna kansa.

Bayan 14.Qg3, Baƙi yana da takun da zai ƙare wasan: 14...Qxg5. Idan Fari ya ci doki da 15.Qxe5, sarauniyar g5 za ta cinye tasa a kan sahu ɗaya. Idan ya yi musaya da 15.Qxg5+ Kxg5, sarki ya fito tsakiyar allo amma ba sauran mai farautarsa. Mai saurin ido zai ce ai 16.f4+ zai kama sarki da doki lokaci guda. Takun haramun ne, domin sojan f2 yana ɗaure: bishof ɗin c5 yana kallon sarkin g1 ta bayansa. Baƙi zai rage da bishof biyu da doki, Fari da doki ɗaya, sojoji shida-shida.

Baƙi bai gani ba, ya taka 14...Kf6. Dalilin rashin ganin yana da muhimmanci fiye da takun kansa. A taku na 11 ya duba Qxg5, ya ga bishof zai cinye, ya ajiye takun a ransa a matsayin wanda ba ya yiwuwa. Taku uku bayan nan allo ya canja, amma hukuncin da ya yanke bai canja ba. Ga kuma tsoro: wanda sarkinsa ke fili yakan duba inda zai gudu ne kawai, ba ya duba abin da zai ci. Maganin wannan ɗabi'a ce da ake ginawa. Duk lokacin da aka yi musaya, ka sake ƙirga masu hari da masu tsaro a kan kowane ɗa da ke kusa, kamar ba ka taɓa ƙirgawa ba.

Abin da ya biyo baya yana da ban sha'awa. Bayan 15.Nh7+ Ke7 16.Qxe5, allon ya zama daidai da wanda za a samu da Fari ya taka 13.Qg3 tun farko aka bi ta 13...Kf6 14.Nh7+ Ke7 15.Bxe5 Nxe5 16.Qxe5. Kuskuren Baƙi ya goge na Fari ƙaf. Wanda ya duba wasan daga taku na 16 ba zai san an yi wata ɓarna a baya ba, shi ya sa duba wurin da aka ƙare kaɗai ba ya koyar da komai.

Dokin da ya maƙale

Yanzu mu ƙirga. Kowa yana da sarauniya, hasumiya biyu da sojoji shida. Fari yana da dawaki biyu, Baƙi bishof biyu. Sarkin Baƙi yana e7 a tsakiya, kuma hasumiyar a8 da bishof ɗin c8 ba su motsa ba tun fara wasa. Fari kuwa dokinsa na h7 ya shiga lungu.

16...f6 17.Qg3 Rf7 taku ne masu kyau daga Baƙi. Ya kori sarauniya, ya janye hasumiya daga bakin doki, ya tsare g7. Dubi dokin h7 yanzu: gurabe uku ne kawai zai iya zuwa, f8 da g5 da f6, kuma duk inda ya sauka za a cinye shi. Baƙi yana da dalilin jin cewa wasa ya dawo hannunsa.

18.Rad1 taku ne da ya cancanci yabo, domin a wannan mataki yawancin 'yan wasa za su ruɗe su tafi ceton doki. Fari ya kawo sabon ɗa fagen daga. Hasumiya tana kallon sarauniyar d8 ta bayan sojan d5, wanda ke nufin doki zai iya zuwa e4 ya kai wa bishof ɗin c5 hari, in soja ya ci shi kuma sarauniya ta faɗi.

Abin da ya dace Baƙi ya yi shi ne 18...Bd7. Bishof ya fito, ya toshe layin d, ya buɗa wa hasumiyar a8 hanya, sarauniya kuma tana nan inda take. Dokin h7 ba inda za shi, ana iya komawa kansa daga baya, kuma Fari ne zai rage da ciwon kai. Amma Baƙi ya ga ɗa a tarko, ya ga kuma hasumiya tana kallon sarauniyarsa, sai ya yi tunanin jifan tsuntsu biyu da dutse ɗaya: 18...Qh8. Ta bar layin d, ta kai wa doki hari.

Wane aiki take yi a d8? Ita kaɗai ce ke tsaron c7. Sarauniyar Fari a g3 tana kan layin karkatan da ya bi ta f4, e5, d6 har c7, kuma layin a buɗe yake. Wannan kuskure ɗan'uwan 13.Bxe5 ne na jini, bambancin kawai shi ne wannan karon abokin gaba ya gani.

Yadda aka rufe wasan

19.Nxd5+ ya buɗe layin e ta hanyar jawo sojan e6 daga gurbinsa. Bayan 19...exd5 20.Qc7+, sarki ba ya iya komawa f8, domin dokin da ake farauta shi ke riƙe da gurbin. Baƙi ya toshe da 20...Bd7, bishof ɗin nan ya fito a ƙarshe, amma ya fito a ɗaure. A nan da yawa za su yi wuf su ci bishof ɗin c5 da cek, kuma ba laifi ba ne a lissafi. Fari ya duba dukkan cek ɗin da yake da su kafin ya zaɓa, ya sami 21.Rfe1+. Sarauniya tana riƙe da d6 da d8, doki yana riƙe da f8, f6 da f7 'ya'yan Baƙi ne suka cike su, bishof ɗin d7 ba ya iya zuwa e6 saboda ɗaurin. Abin da ya rage shi ne 21...Be3, jinkirin taku ɗaya, sai 22.Rxe3#.

Mai fashin baƙi na gaskiya ba ya tsayawa a kan abin da aka buga, yana tambayar ko mai tsaro yana da mafita. A taku na 20 babu. Idan sarki ya koma 20...Ke8, hasumiyar f7 tana kallon sarauniyar c7, don haka dole Fari ya ci gaba da cek: 21.Rfe1+ Be7 22.Rxd5, da barazanar mat a d8, in kuma aka toshe da 22...Bd7 sai 23.Qxd7#. Idan ya fita 20...Ke6, sai 21.Rfe1+ Kf5 22.Qxf7, hasumiya ta tafi, sarki yana tsakiyar fili.

A taku na 19 kuwa akwai. Ba dole ba ne a ci dokin. 19...Ke8 ya fi tauri: 20.Nc7+ Rxc7 21.Qxc7 yana barazanar mat a d8 da kuma cin bishof ɗin c5, amma 21...Be7 ya magance duka biyun. Dokin h7 zai mutu, don haka Fari zai sayar da shi da soja ta 22.Nxf6+. Sakamakon shi ne hasumiya da sojoji biyu a hannun Fari, bishof biyu a hannun Baƙi. Fari ne ke da sauƙin wasa saboda sarkin Baƙi yana tsakiya kuma 'ya'yansa a daskare suke, amma akwai sauran aiki mai yawa. Ke nan 19...exd5 shi ma ramuwar gayya ce ta hannu, irin ta Fari a taku na 13. A ces ba a tilasta wa kowa ci.

Yadda za ka yi wa naka wasan irin wannan duba

Komai yana farawa daga rubuta taku. A gasar da ake bugawa da dogon lokaci dokar FIDE, hukumar ces ta duniya, ta wajabta rubutu, amma ko a wasan sada zumunci a kulob ka riƙa rubutawa. Ka ƙara abu ɗaya da takardar ba ta nema ba: bayan kowane taku biyar, ka rubuta mintunan da suka rage maka a agogo. Idan ka zo dubawa za ka ga inda ka kashe minti takwas a kan takun da ba shi da nauyi, da inda ka taka cikin daƙiƙa biyar a wurin da wasan ya rataya. Taku irin 13.Bxe5 da 19...exd5 kusan kullum cikin 'yan daƙiƙu ake buga su.

Da an tashi, in abokin wasanka ya yarda, ku maimaita wasan tare nan take. Tambayar da ta fi amfani ita ce me yake tsoro a wurare masu zafi, domin sau da yawa abin da yake tsoro kai ba ka ma gan shi ba. Sannan a ranar, kafin ka manta, ka zauna kai kaɗai da allo ka rubuta abin da ka yi tunani a kowane muhimmin wuri, da takun da ka duba ka yar, da dalilin yar da su. Wannan ne kaɗai zai nuna maka ko matsalarka rashin lissafi ce, ko rashin kawo takun a rai ma gaba ɗaya. Magungunansu daban ne. Wanda ya duba 14...Qxg5 ya yi kuskuren lissafi yana buƙatar atisayen lissafi. Wanda bai duba ba sam yana buƙatar gyara tsarin dubansa: kowane cek, kowane ci, kowace barazana, nasa da na abokin gaba, kafin hannu ya taɓa ɗa.

Sai bayan wannan ne za ka buɗe kwamfuta. Shafuka irin su Lichess suna ba da injin nazarin ces mai suna Stockfish kyauta, kuma yana nuna lamba a kowane taku: +1.0 yana nufin Fari yana gaba da kimanin darajar soja ɗaya, lamba mai alamar ragi kuma Baƙi ne ke gaba. Kuskuren da aka fi yi da shi shi ne bin kowane ɗan motsi na lambar. A matakin kulob, bambancin +0.3 da +0.6 ba ya yanke hukuncin wasa. Ka nemi wuraren da lambar ta yi tsalle da maki biyu ko fiye, ka tsaya a kansu kaɗai, galibi ba sa wuce uku zuwa biyar a wasa. A kowanne, ka rufe shawarar injin, ka ba kanka minti goma ka nemo takun da kanka, sannan ka duba. Idan injin ya ba da takun da ba ka gane dalilinsa ba, ka buga masa amsar da kai za ka bayar a kan allo, ka ga yadda zai hukunta ta. Haka ake fito da dalili daga bakin na'urar da ba ta bayani.

Kada ka tsaya a kan kurakuranka kaɗai don ka ci wasan. Farin da ke wannan wasa ya gama da kyakkyawan mat, kuma in bai duba ba zai ci gaba da buga 12.Qg4 da 13.Bxe5 har ranar da zai gamu da wanda zai amsa masa da Qxg5.

Daga wannan wasan akwai wurare huɗu da suka cancanci a jera su a allo a kulob, a ba kowa minti biyar ba tare da an faɗa masa akwai wani abu ba: bayan 9.0-0 Baƙi ne da taku, bayan 11...Kg6 Fari ne da taku, bayan 14.Qg3 Baƙi ne da taku, sai bayan 18.Rad1 Baƙi ne da taku. Kafin kowa ya faɗi takunsa, a sa shi ya nuna da yatsa gurabe da 'ya'yan da ɗan da yake son ɗagawa ke tsaro a inda yake yanzu, ya kuma faɗi wanda zai karɓi aikin idan ya tashi.